Nauyin Haraji: Kafin A Kwatanta Mu Da Turai

Duk lokacin da gwamnati ta so ƙara kuɗin shiga, jami'anta kan ɗauko alƙaluman ƙasashen waje su ce 'yan Nijeriya ba sa biyan haraji. Alƙaluman ba ƙarya ba ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce harajin da aka tara a 2021 kashi 10.86 ne cikin 100 na arzikin da ƙasa ta samar a shekarar. Matsakaicin Afirka yana wajen kashi 16, na ƙasashen ƙungiyar OECD masu ƙarfin tattalin arziki kuma kusan kashi 34. Faransa da Denmak sun haura kashi 43. Sai dai waɗannan alƙaluma suna auna abin da ya shiga baitulmali ne kawai. Abin da ya fita daga aljihun mutum lissafi ne daban, kuma shi ne ya dame mu.

A Beljiyam, idan aka haɗa harajin albashi da kuɗin inshorar jin daɗin jama'a da ma'aikaci da mai aikinsa ke biya, fiye da rabin abin da ake kashewa kan ma'aikacin da ba shi da iyali yana tafiya ga hukuma. A Jamus kusan kashi 48 ne, a Amurka wajen kashi 30. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba sa cire wa ma'aikaci harajin albashi ko kaɗan, domin man fetur ya daɗe yana ɗauke musu nauyin, ko da yake Saudiyya ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 15 a 2020.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ɗan Denmak ya fi Ba'amurke shan wahala. Amma ɗan Denmak yana zuwa asibiti ba tare da an nemi kuɗi a hannunsa ba, ɗansa yana karatun jami'a kyauta, har gwamnati ta ba shi alawus a kowane wata. Ba'amurke kuwa, bayan harajinsa mai sauƙi, sai ya sayi inshorar lafiya, ɗansa kuma sau da yawa ya kammala jami'a da bashi a wuyansa. Ashe nauyin haraji na gaskiya shi ne abin da aka karɓa a hannunka, a haɗa da abin da ka sake biya saboda hukuma ba ta yi aikinta ba.

Da wannan ma'auni, ɗan Nijeriya ba ya cikin masu sauƙin kaya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Magidanci shi ne hukumar lantarkinsa da janareta ko sola, shi ne hukumar ruwansa da rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa. Shi ke biyan 'yan sintirin unguwa, shi ke biyan makarantar kuɗi. Direban da ya ɗauko shanu ko albasa daga Arewa zuwa Legas yana tsayawa a shinge bayan shinge, a yanka masa rasit ko a karɓa ba rasit, kuma mai saye a kasuwa ne ke biyan kuɗin a ƙarshe. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran haraji, ya sha faɗin cewa harajin da hukumomi ke karɓa a hukumance ya haura iri 60, na bayan fage kuma ya haura 200. Yawancin waɗannan kuɗaɗen da ɗan Nijeriya ke kashewa ba sa cikin kashi 10.86 ɗin da ake yi mana gori da shi.

Gaskiya ne VAT ɗinmu na kashi 7.5 bai kai na Nijar mai kashi 19 ko na Kamaru mai kashi 19.25 ba. Amma haraji ne da ba ya tambayar abin da mutum ke samu, don haka ya fi cizon mai ƙaramin ƙarfi. Mun yaba da dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka yafe harajin naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, suka kuma sanya kashi 25 kan kuɗin shigar da ya haura naira miliyan 50. Wannan hanya ce mai kyau: mai yawa ya biya da yawa. Amma doka a takarda ba ta ɗage shinge a kan titi.

Tarihi ya nuna yadda jama'a ke kallon harajin da ba su ga amfaninsa ba. A 1979, gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna. A Yunin 2024, matasan Kenya sun tilasta wa Shugaba William Ruto janye ƙudurin ƙarin haraji bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta. Tsakanin hukuma da jama'a, haraji cuɗe ni in cuɗe ka ne.

Muna kira ga gwamnatin tarayya da gwamnoni su rushe shingayen karɓar kuɗi a manyan hanyoyi, su taƙaita harajin kasuwanni, su bi manyan masu kuɗin da ke zille wa biya, sannan kowace jiha ta riƙa wallafa abin da ta tara da inda ta kashe shi. Jama'a kuma su biya abin da doka ta ɗora musu, su karɓi rasit, su tambayi ba'asi. Duk jami'in da zai kawo mana misalin harajin Denmak, to ya zo mana da misalin asibitinta da makarantarta.