Darasin Darwin: A Koyar, Kada A Tilasta

A shekarar 2017 Turkiyya ta cire ka'idar juyin halitta ta Charles Darwin daga manhajar sakandare, Indiya ma ta cire ta daga littafin aji goma a 2023. A nan gida darasin yana cikin manhajar bayoloji ta WAEC, sai dai akwai malaman da kan tsallake shi don gudun fushin iyaye.

Ba mu raina damuwar iyayen ba. Musulmi da Kirista sun yi imani Allah ne Ya halicci Annabi Adamu, kuma babu malamin da ke da hurumin yi wa wannan imani ba'a a aji.

Amma tsallake darasin yana da tasa illar. Me ya sa kulorakwin ya daina maganin zazzaɓin cizon sauro, har Nijeriya ta koma ga magungunan ACT a 2005? Ƙwayoyin cutar da suka jure masa su ne suka rayu, suka hayayyafa, suka gadar da juriyar. Irin wannan tankaɗe da rairaya Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859. Ɗan da muke fatan ya zama likita, ta yaya zai yaƙi cutar da bai san yadda take rikiɗa ba?

A ganinmu, koyarwa daban, wa'azi daban. A bayyana wa ɗalibi abin da masana kimiyya suka gano da hujjojinsu, a jarraba fahimtarsa, ba imaninsa ba. Batun Mahalicci kuwa, ba a ɗakin gwaje-gwaje ake yanke shi ba. Hukumomin ilimi su horar da malamai kan wannan iyaka, domin rashin sani ya fi dare duhu.