A Auna Ƙasar Wamakko Kafin A Aza Harsashi

Jama'ar Wamakko, gonakinmu suna komawa fuloti a gaban idonmu. Daga Arkilla zuwa Bado, daga Kalambaina zuwa hanyar Dundaye, inda a da ake shuka gero da dawa da albasa, yau an ja igiya, an kafa turaku, dillali yana yanka farashi. Mai saye yakan tambayi takarda, ya tambayi ko ruwa na kwanciya da damina. Da wuya ka ji ya tambayi abin da ke cikin ƙasar da 'ya'yansa za su yi rarrafe a kai.

Ƙasar noma tana riƙe abin da aka zuba mata. Shekara da shekaru manoman gefen birni suna kwaso bola su yi taki da ita, a cikinta akwai fasassun batura da ragowar fenti da tokar robobi. Wani takin zamani mai fosfet yana zuwa da kadmiyom. Wasu fadamun kuma da ruwan kwata aka yi musu ban-ruwa. Ga ƙurar da iska ke ɗaukowa daga manyan hanyoyi da masana'antu, ita ma saukarta a kan gona take. Dalma da asenik da kadmiyom ba sa ruɓewa. Ba wari, ba launi, suna nan kwance a saman ƙasa har a yi gini, a share tsakar gida, a shimfiɗa tabarma.

Mun ga abin da dalma ta yi a maƙwabtanmu. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Sama da yara 400 suka rasu, a Dareta da 'Yargalma da Bagega da kewaye, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Waɗanda suka rayu, da yawansu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa, ana zuba sabuwa. A 2015 aka maimaita wannan kukan a Shikira ta jihar Neja. Wamakko ba ta haƙar zinariya, gaskiya ne, amma hanyar da gubar ke bi ɗaya ce: daga ƙasa zuwa hannun yaro, daga hannu zuwa baki. Asenik kuwa ya fi son ruwa. A Bangaladash rijiyoyin burtsatse ne suka shayar da miliyoyin mutane shi, har ya fito musu a fata, ya zama sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganin yana ƙofar gidanmu. Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin ƙaramar hukumarmu yake, da malaman kimiyyar ƙasa da na sinadarai. A ɗebi ƙasa daga wurare da dama na fili, sama da ƙasa, a haɗa da ruwan rijiya, a kai ɗakin gwaji. Idan ta fito lafiya, alhamdulillahi. Idan ba ta fito ba, a kankare, a zuba mai tsabta, a yi wa tsakar gida daɓe. Bayan an rufa kwano, wannan aikin ya ninka wahala da kuɗi.

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta fi kallon manyan rukunin gidaje. Filin awon igiya, wanda shi ne na talaka, yana bi ta ƙarƙashinta ba mai dubawa. Don haka iyayenmu hakimai da masu unguwanni, kada ku sa hannu a rabon gona sai an nuna muku sakamakon awo. Ma'aikatar filaye da hukumar tsara birane, ku sa shi cikin sharuɗɗan izinin gini. Malamai, ku faɗa a mumbarin Juma'a cewa ɓoye aibin haja haramun ne, fili ma haja ne. Ku kuma masu saye, ku haɗu goma-goma ku yi karo-karo ku biya kuɗin gwaji, kuma kada ko naira ɗaya ta shiga hannun dillali sai kun riƙe takardar sakamakon a hannunku.