Ambaliyar Haɗejiya kwanaki take yi a hanya, don me take mamayarmu?

Duk shekara kafin damina, hukumar NiMet kan fitar da hasashen yanayi, NIHSA kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Aikin yana da amfani. Sai dai mutumin Auyo ko Guri ko Kiri Kasamma ba sai an gaya masa yankinsa na cikin haɗari ba, kakansa ma ya sani. Abin da yake son ji shi ne ranar da ruwan zai iso, don ya san ko ya yanke shinkafarsa tun ba ta gama nuna ba, ko ya ƙara mata mako guda.

Yawancin ruwan da ke cinye gonakinmu ba a kanmu ya sauka ba, daga ƙasar Kano yake tasowa. Kogin Kano da aka datse a Tiga a 1974, da na Challawa da aka kammala dam ɗinsa a 1992, su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil da Ringim kafin ya iso mana. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan ba sauri yake ba, kwanaki yake yi a hanya. Wanda ya ga kogi ya tumbatsa a Wudil yau, ya riga ya ga abin da ke tafe mana. To me ya sa a 2020 da 2022 sai da ruwa ya zo bakin jinga matasa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa?

A ganina, labarin ne ba ya isowa ga mai gona da wuri.

Dubi Bangladesh, ƙasar da bala'inta daga teku yake zuwa. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Bayan nan suka inganta sa ido kan teku, amma abin da ya fi burge ni shi ne dubban 'yan sa-kai da suka horar, masu bin ƙauyuka da lasifika da zarar gargaɗi ya fito. Guguwa ba ta daina zuwa ba, mace-macen ne suka ragu ƙwarai.

Namu ma ya fi sauƙi, tunda kogi hanya ɗaya yake biyowa. Matsalar ita ce kachalla. Ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasan Haɗejiya, shi ya sa ruwan da bara ya wuce lafiya, bana sai ya juya ya faɗa gonakin da ba a zata ba. Ma'aunin Wudil kaɗai ba zai gaya wa mutumin Guri komai ba, sai an kafa masa nasa a kusa.

Ba na neman tauraron ɗan'adam. Sanda mai lamba a jikin kowace gada, da mutum ɗaya ɗan garin da ake biya ya karanta ta safe da yamma. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta haɗa wannan da matakin ruwan Tiga da Challawa, a karanta a rediyo da Hausa kowace safiya daga Yuli zuwa Oktoba, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi. A tura wa dagatai da sarakunan noma ta waya, limamai su maimaita bayan sallah.

Kuma a yi magana da yaren gona. A ce ruwa ya kai jan layi a Ringim, masu shinkafa a fadamar Auyo su fara yanka.