A Yi Fenti, Amma Ban Da Kwanon Abinci

Da zarar hunturu ya kama, sai gidajen Kafanchan da Kagoro da Zonkwa su shiga shirin Kirsimeti da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, sabon kayan ɗaki ya fi ƙarfin talaka, saboda haka magidanta suka koma ga gwangwanin fentin fesawa. Gadon ƙarfe da akwati da tukunyar fure, a kankare tsatsa, a fesa, sai su fito kamar yau aka sayo su. Babu shakka wannan tattali ne abin yabo.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Waɗansu fentoci, musamman ja da ruwan ɗorawa, suna ɗauke da gubar dalma. Idan aka fesa wa kwanon abinci ko abin wasan yara, yaro ya kai baki, sai dalma ta taru a jikinsa, ta dakushe masa ƙwaƙwalwa. Jihar Zamfara ta ga illar dalma a 2010, sa'ad da ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya.

Saboda haka a bar kwano yadda yake. Sauran kaya kuwa a fesa su a fili, nesa da murhu, gama fentin yana kama wuta, a rufe hanci, a nisanta yara. Wajibi ne kuma hukumar SON ta riƙa gwada fentin da ake sayarwa a kasuwar Kafanchan. Rigakafi ya fi magani.