Sabon Rumbu, Tsohon Buhu

Birnin Jos da kewayensa wuri ne na ajiye tarihin mutane da dabbobi a rubuce. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, Jami'ar Jos tun 1975, ga asibitoci da ma'aikatun gwamnati. Irin waɗannan wurare a yau sun dogara ga rumbun bayanai na kwamfuta, kuma rumbu ba ya rabuwa da gyara.

Ɗaya daga cikin manhajojin rumbu da suka fi yaɗuwa a duniya ita ce MySQL, mallakar kamfanin Oracle. A watan Oktoba na 1923 babu wanda ya san ta, amma a Oktoban 2023, da kamfanin ya janye tallafinsa daga samfurin 5.7, sai ofisoshi da yawa suka ga tilas su koma samfurin 8. To, a nan ne ake yin tuntuɓe, domin sabunta manhaja ba ya sabunta abin da ke cikinta.

Kafin samfurin 8.0.16 na shekarar 2019, sai ma'aikaci ya ba da wani umarni da hannunsa kafin jadawalan da manhajar ke tafiyar da kanta da su su daidaita. Daga nan ta ɗauke masa wannan nauyi, amma ta bar masa sauran.

Babba daga cikinsu shi ne haruffa. Tsofaffin samfura sun saba ajiye rubutu da tsarin latin1, wanda bai san ɓ, ɗ da ƙ ba. Samfurin 8 na 2018 ya koma utf8mb4 mai ɗauke da su, amma tsohon jadawali yana nan a tsohon tsarinsa har sai an juya shi. Idan ba a juya ba, sunan Ɗanladi ko dai a ƙi karɓarsa, ko ya fito da alamar tambaya a goshi. Mai sunan ne zai sha wahalar rantsuwa a kotu ranar karɓar takardar shaida ko kuɗin fansho. Haka kuma ajiyayyun umarnai da ke cikin rumbun suna riƙe da tsarin ranar da aka rubuta su, sai an goge su an sāke rubutawa.

Saboda haka ya kamata shugaban ofis ya tambayi ma'aikacinsa abu uku: an kwafi rumbun an adana kafin a taɓa shi? An gwada juyin a wata kwamfuta dabam? An binciki sunaye bayan an gama? Harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ba ya dawowa da juyi, sai an koma fayil ɗin takarda. Don haka kada a yi gaggawar ƙone tsofaffin fayiloli.