SHIMFIƊAR TEBUR DAGA ƘYALLAYEN GIDA: KIRA GA IYAYEN AMARE

Iyayena, yayyena da ƙannena matan Ka'oje da kewaye, da na Bagudo, Illo, Lolo da Tsamiya, ina gaishe ku.

Yau maganar tawa kan ƙaramin abu ce, shimfiɗar tebur. Kar ku yi dariya. Irin waɗanga ƙananan abubuwa su ke taruwa su zama bashin da ke hana uwar amarya barci. Gado, katifa, kujeru da kabad kowa ya san da su, ana yi musu tanadi. Amma labule, shimfiɗar tebur, rufin talabijin da rigunan filo, sai biki ya matso a tuna da su, a je kasuwa a ɗauko bashi.

Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin yadda kaya sunka koma. Tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka. Naira ta faɗi, sefa ta yi mata nisa, atamfa da leshin da ke fitowa Kwatano sun yi tsada tun kafin su iso Segbana. Masaƙunmu na gida kuwa sun daɗe da durƙushewa. KTL ta Kaduna da anka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002. To me ya rage? Ledar tebur mai fulawa, wadda zafin Maris da Afrilu ke busarwa, ta tsage kafin amarya ta yi haihuwar fari.

Ra'ayina shi ne mu daina sayenta, mu ɗinka tamu. Kayan aikin suna cikin akwatinmu. Duk turmin atamfa yadi 6 ne, kuma ba a taɓa ɗinka shi ba a sami ragowa ba. Wannan ragowar taki ce, kuɗinki kika sa, ki ce wa tela ya ƙullo miki ita. Ki haɗa da tsofaffin zannuwan da gindinsu ya lalace amma tsakiyarsu na nan da ƙarfi.

Ga yadda ake yi. Ki auna teburin, ki ƙara taƙi guda a kowane gefe don ya zubo. Ki wanke ƙyallayen dabam-dabam, ki gane wanda ke zuba ki ware shi, in ba haka ba wankin farko zai ɓata miki aiki. Ki yanko kwali mai kusurwa huɗu daidai, ki riƙa ɗora shi kina yanka, don su zo kai ɗaya. Ki jera su ƙasa kan tabarma, mai duhu kusa da mai haske, har idonki ya gamsu. Sai ki haɗa layi-layi, ki goge kowane ɗinki kafin ki haɗa na gaba. Ki yi masa shafi da tsohon zanen gado don ya yi nauyi ya zauna. A ƙarshe ki kalmashe bakin. Mai keke kwana biyu ya ishe ta. Mai allura da zare ta riƙa yi bayan la'asar, ba gaggawa.

Wadda ke son irin na da sosai, ta sami farin yadi mai araha, ta jiƙa shi cikin ruwan ganyen shayi mai ƙarfi har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ta shanya a inuwa. Ta zana fulawa da fensir a kusurwoyi huɗu, ta bi da zare mai launi, ta saƙa masa baki da kwarashi. Duk wadda ta girma ta ga ɗakin jeren iyayenmu, da tasoshi da langa-langa a jere har sama, ta san irin wanga aiki. Da hannunsu sunka yi shi, kuma ba wanda ya raina su.

Na san abin da za ku ce. Hajiya, dangin miji za su yi mana gori, a ce mun kai ɗiya da tsumma. Wagga magana tana da nauyi, don gori na da ciwo, kuma ɗiyar ce ke zama da shi bayan mun watse. Amma ku duba da kyau. Abin da ake yi wa gori aikin ganganci ne, ɗinki a karkace, zare na reto. Aikin da anka auna, anka goge, anka yi wa baki mai kyau, tambaya ake yi wa ya ɗinka. Kuma wane gori ya kai mai bashi ya yi sallama ƙofar gida, maƙwabta na ji? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gori kuma daga bakinmu yake fitowa, mu mata. Mu ke zuwa ganin ɗaki, mu ke ɗaga shimfiɗa mu duba, mu ke komawa gida mu yi ta ƙus-ƙus. In munka kama bakinmu, rabin matsalar ta ƙare. A Islamiyya an karantar da mu haramcin almubazzaranci da na yi da mutum, to ga wurin aiki da karatun.

Akwai riba ta biyu. Yarinyar da ta iya shimfiɗar tebur ta iya rigar filo, ta iya zanen goyo, ta iya labule. Gobe maƙwabciya za ta kawo nata ƙyallayen ta biya ta. Sana'a ce da jarinta bai wuce allura, zare da almakashi ba, kuma tana cikin ɗakinta.

Don haka ina roƙon shugabannin mata na unguwanni, kowace ta nemo dattijuwa guda da ta iya kwarashi ko ɗinkin hannu, tun suna raye tare da mu. A haɗa ta da 'yan mata biyar ko shida, ranar Alhamis ko Juma'a da ba Islamiyya. A yi mata ɗan alheri, a girmama ta. Kuma a taronmu na gaba ina son teburin da za mu zauna ya sha shimfiɗar da matan Ka'oje sunka ɗinka. Wadda ta riga gamawa ta turo hoto mu gani.

Ku tura wa wadda ba ta cikin zauren nan, wadda ba ta karatu a karanta mata. Allah ya rufa mana asiri, ya ba ɗiyanmu zaman lafiya a ɗakunansu, ya raba mu da bashi. Amin.

Taku,
Shugabar Mata, Ka'oje