Tanki ɗaya, kifi 500? Mu yi lissafi tukuna

Akwai wata magana da ke yawo tun daga masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi har zuwa mu masu kiwon tarwaɗa, wai kifi daidai girman mazubinsa yake girma, don haka ko a ina ka zuba shi zai daidaita kansa. Gaskiya ban yarda da ita ba, kuma tana cinye wa sababbin shiga jari.

Ɗan jan kifin adon nan da ake sakawa a kwalba, in ya samu wuri da ruwa mai kyau yana kai tsawon santimita 20 zuwa 30, yana kuma wuce shekara 10 a raye. Wanda ke cikin kwalba tsumburewa ya yi, dattin jikinsa ne ke cinsa a hankali. Abin da ke faruwa a tankinka ke nan, sai dai kai da kuɗin abinci a ciki.

Ka ɗauki tankin roba mai lita 1,000. Mai sayar da 'ya'yan kifi ya ce maka zai ɗauki 500, kai kuma burinka kowanne ya kai kilo ɗaya. To kilo 500 na kifi kusan lita 500 yake cikewa, wato rabin tankin kifi ne zalla. A ina za su juya? Ranar da aka kawo su kamar ɗan yatsa tankin zai yi maka kamar fili, shi ya sa ake ruɗuwa. Wurin da za su buƙata a wata na biyar shi za ka lissafa tun ranar farko.

Ita ma tarwaɗa tana taimakawa wajen yaudarar. Tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sama da ita, saboda haka ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ita sai ta jure. Mai kiwo ya leƙa ya ga ba wanda ya mutu, sai ya ce lafiya lau. Alhali kowane kilo na abincin da suka ci yana sakin amoniya kusan giram 30 a ruwan, kuma guba ce da ƙarfinta ke ƙaruwa in ruwa ya yi zafi, irin na watan Afrilu ɗin nan namu. Daga nan sai cin abinci ya ragu, gashin bakinsu ya fara gutsurewa, jiki ya yi ciwo, ka gan su tsaye a saman ruwa kai sama. Sai a garzaya sayen magani, bayan ruwan ne ba shi da lafiya.

Na san wani zai ce ai ya ga bidiyon gonakin Holan, kifi cunkus a tanki. Haka ne, suna zuba ɗaruruwan kilo a wuri kamar wannan. Amma ruwansu yana zagayawa ta na'urar tacewa dare da rana, wuta ba ta ɗaukewa. Kai da ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ko jiran a kunna burtsatse, ba sahunku ɗaya ba.

A ganina, mai farawa da tankin lita 1,000 wanda da hannu zai riƙa canja ruwa kada ya wuce kifi 100, in ma 70 ne ya fi kwanciyar hankali. Ya tanadi mazubi na biyu don ware manya duk bayan mako biyu a farko, don tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. Kafin ka biya kuɗin 'ya'yan kifi, ka fara sanin lita nawa na ruwa za ka iya samu kullum, kuma nawa zai ci maka.